Tsintsiya da Dutse: Tarihin Sandra Schmirler, Gwanar Wasan Ƙanƙara

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano, ko a Yakasai ko Mandawari ko gindin Dala, ya san akwai kayan aiki guda biyu waɗanda ba a raba mace da su a gidan Bahaushe na dauri, watau tsintsiya da dutsen niƙa. Namiji ba ya kusantarsu sai in lalura ta kama. To, a wasu ƙasashe masu tsananin sanyi, tsintsiya da dutse su ne kayan wani wasa da ake ji da shi ƙwarai da gaske, har ana ba da lambar zinariya a kansa a wasannin Olimfik. Wani abin dariya kuma shi ne, fiye da shekara 300 kusan maza ne kaɗai ke riƙe da tsintsiyar a can, mata suna gefe suna kallo. Sunan wasan kalin. A wannan maƙala za mu bi tarihin wata mata 'yar ƙasar Kanada, mai suna Sandra Schmirler, wadda ta ci gasar duniya sau uku a wannan wasa, ta kuma zama shugabar ƙungiyar mata ta farko da ta ci zinariyar Olimfik a cikinsa. Amma kafin a kai ga mai wasa, ya kamata mai karatu ya san wasan kansa, tun da yake ba irin wanda aka saba gani a filin Ƙofar Mata ba ne.

Yadda wasan yake

Mu a nan ƙanƙara iri biyu muka sani: wadda take zubowa daga sama a farkon damina ta ɓata shuka, da wadda ake saye a kasuwa lokacin azumi. A ƙasar Sikotilan kuwa, da ke arewacin Birtaniya, in hunturu ya kankama ruwan tafki ne gaba ɗaya yake daskarewa, har mutum ya taka ya wuce. Mai karatu ya ƙaddara ɗaya daga cikin kududdufan nan na cikin birni ya wayi gari ya zama daɓe mai santsi. A kan irin wannan daɓe ne manoma da masaƙa na Sikotilan suka fara tura duwatsun rafi don su ga na wa zai fi kusantar wata alama. Akwai wani tsohon dutse da aka tsinta a ƙasar mai ɗauke da shekarar 1511, akwai kuma wani rubutu na 1541 daga garin Paisley da ya ambaci gasar jifa da dutse a kan ƙanƙara. A 1838 aka kafa babbar ƙungiyar da ta tsara wa wasan dokoki, wadda Sarauniya Biktoriya ta amince da ita a 1843.

Yanzu a cikin gini ake yin wasan, a kan ƙanƙarar da inji ya daskarar. Tsawon filin kusan ƙafa 150 ne, faɗinsa kamar ƙafa 15. A kowane ƙarshe an zana da'ira mai faɗin ƙafa 12, wadda suke kira gida. Dutsen kuwa sassaƙaƙƙe ne, kewayayye, da mariƙi a bisansa, nauyinsa ya kusa kilo 20. Mafi daraja a cikinsu daga wani ɗan tsibiri ake haƙo su, mai suna Ailsa Craig, a gaɓar tekun Sikotilan. Kowace ƙungiya mutum huɗu ce, tana da dutse takwas, kowa ya tura biyu, ana yi ana karɓa-karɓa da abokan karawa. In an gama tura duka goma sha shidan, an yi zagaye ɗaya ke nan, sai a duba dutsen wa ya fi kusa da cibiyar gida. Masu wannan dutse su ne suka ci zagayen, kuma suna samun maki ɗaya a kan kowane dutsensu da ya fi na abokan karawa kusa da cibiya. A babbar gasa zagaye goma ake yi.

Ina amfanin tsintsiya? Kafin a fara wasa akan yayyafa wa filin ruwa, ɗigon ya daskare ya zama kamar ƙuraje, a kansu dutsen yake tafiya. Mai turawa yakan ɗan murɗa mariƙin lokacin da zai saki, saboda haka dutsen ba ya tafiya sak, yana tafe yana juyawa yana karkata, har ya iya lanƙwasawa ya ɓuya a bayan wani dutse. Daga wannan lanƙwasa ne wasan ya sami sunansa. To, mutum biyu suna bin dutsen suna goge ƙanƙarar da ke gabansa da ƙarfi. Gugar tana ɗan ɗumama wurin ta rage turjiya, sai dutsen ya ƙara nisa, wani lokaci har kusan ƙafa goma, ya kuma rage karkata. Shugaban ƙungiya yana can tsaye a gida, shi ke nuna inda za a auna, shi ke ihu a share ko a bari, shi ne kuma yake tura duwatsu biyun ƙarshe, waɗanda galibi a kansu ake ci ko a faɗi. Wanda ya iya dara zai gane wasan nan da nan, domin rabinsa lissafi ne: ka sa dutse ya yi maka gadi, ka toshe wa abokin karawa hanya, ka haƙura da maki ɗaya yanzu don ka riƙe dutsen ƙarshe a zagaye na gaba.

Akwai wata al'ada tasu da ta cancanci a ambata. In tsintsiyar mai shara ta taɓa dutse yana tafiya, shi da kansa zai faɗa, ko da ba wanda ya gani. Ban san ko 'yan ƙwallonmu za su iya da wannan ba.

Shigar mata

Mutanen Sikotilan da suka yi ƙaura zuwa Kanada sun tafi da wasansu. A 1807 aka kafa ƙungiya a birnin Montreal, amma sai a 1894 aka sami ƙungiyar mata ta farko a wannan birni. Haka abin ya yi ta tafiya, maza a gaba mata a baya da tazara mai yawa. Gasar maza ta ƙasar Kanada ta fara a 1927, ta mata sai 1961. Gasar maza ta duniya ta fara a 1959, ta mata sai 1979, a garin Perth na Sikotilan, inda Suwizalan ta ci.

A nan ne lardin Saskatchewan ya shigo cikin labari. Lardi ne na manoman alkama a tsakiyar Kanada, shimfiɗaɗɗe kamar faifai, girmansa ya kai kashi biyu cikin uku na Nijeriya, amma mutanensa a zamanin da muke magana ba su wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Hunturunsa yakan ɗauki wata biyar, ba noma ba kiwo a waje. Kamar yadda kaka da rani suke lokacin dambe da kokawa a ƙasar Hausa, haka hunturu yake lokacin kalin a can. Kusan kowane ƙauye da ya amsa sunansa ya yi aikin gayya ya gina ɗakin wasa, kuma wannan ɗaki shi ne dandali, shi ne majalisa, nan tsoho da yaro, mace da namiji suke haɗuwa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da ƙungiyar Joyce McKee ta birnin Saskatoon ta ci gasar mata ta farko a 1961, Vera Pezer ta wannan birni ta ci sau uku a jere daga 1971 zuwa 1973, sa'an nan Marj Mitchell ta birnin Regina ta kawo wa Kanada kambin mata na duniya na farko a 1980. Ruwa ba ya tsami banza. Yarinyar da ta tashi a wannan lardi ta tarar da hanya an riga an share ta, ta kuma ga matan da suka bi ta suka kai.

Tasowarta

An haifi Sandra Schmirler ranar 11 ga Yuni, 1963, a Biggar, wani ɗan gari na bakin hanyar jirgin ƙasa, kamar mil 60 yamma da Saskatoon, wanda mutanensa ba su kai 3,000 ba. An haife ta da tanƙwararriyar ƙafa, sai da aka ɗaure ta a filasta tana jaririya kafin ta miƙe. A makaranta ta fara kalin, a darasin motsa jiki, tana kuma taɓa iyo da ƙwallon raga da sauransu. Kafin ta gama sakandare ƙungiyar makarantarsu ta ci gasar makarantun lardi. Daga nan ta shiga Jami'ar Saskatchewan, ta fara da ilmin kwamfuta, ta ga ba nan zuciyarta take ba, ta koma ilmin motsa jiki, ta sami digiri a 1985. Sai ta koma Regina, babban birnin lardin, ta kama aiki a wata cibiyar wasanni ta hukumar birni.

Ya kamata a lura da wannan, domin har ta bar duniya ma'aikaciya ce mai ɗaukar albashi. Wasan ba ya ciyar da mai yinsa a wancan zamani. Da rana a tafi aiki, da dare a tafi horo, ranar hutu a shiga mota a yi tafiyar ɗaruruwan mil a cikin sanyi don a shiga gasa.

A 1987 ta fara zuwa gasar ƙasa, tana ta uku a ƙungiyar Kathy Fahlman, suka ƙare a matsayi na huɗu. A wannan ƙungiya ce ta haɗu da Jan Betker, wadda ta zame mata aminiya kuma mataimakiya har ƙarshen rayuwarta. Shekaru ukun da suka biyo baya ba su yi daɗi ba, kullum sai a kayar da su tun a lardi. A 1990 su biyun suka yanke shawarar kafa tasu ƙungiya, Sandra ta zama shugaba, Jan ta uku, suka ɗauko wata malamar makaranta mai suna Joan McCusker ta zama ta biyu, da Marcia Gudereit ta zama ta farko. Waɗannan huɗu ba su sāke rabuwa ba. A wasan da ƙungiyoyi suke watsewa kusan kowace shekara saboda an faɗi ana neman wanda za a ɗora wa laifi, wannan zama tare shi ne babban jarinsu. Mai shara tana bukatar ta san hannun mai turawa, ta gane tun daga sakin dutse ko ya yi nauyi ko ya yi sauƙi, cikin daƙiƙa ashirin da 'yan kai da dutsen yake yi a hanya. Wannan sani ba ya samuwa a shekara guda. Waɗanda suka kalle su suna yawan ambaton yadda suke raha da dariya a tsakiyar wasa mai zafi, kuma in ɗaya ta ɓata jifa ba a yi mata fuska.

Tsarin gasar Kanada tsani ne mai matakai. Sai ƙungiya ta ci a shiyyarta, ta ci a lardi, kafin ta wakilci lardin a gasar ƙasa, wadda kamfanin takarda na Scott ya fara ɗaukar nauyinta a 1982. Wadda ta ci ƙasa ita ke zuwa gasar duniya, kuma tana da kujera a gasar ƙasa ta baɗi ba tare da ta sāke bin tsani ba. A lardi irin Saskatchewan, fita daga gida ma yakan fi cin duniya wuya. Sun fita a 1991, suka yi na huɗu a ƙasa. A 1992 aka tare su a lardi.

Shekarun cin duniya

A 1993 abin ya buɗe. A garin Brandon suka kayar da ƙungiyar Maureen Bonar ta lardin Manitoba da ci 7 da 6 a wasan ƙarshe, a gaban 'yan kallon da kusan dukansu magoya bayan Manitoba ne, tun da a gidansu ake yi. Suka wuce Janiba, suka kayar da Jamus da ci 5 da 3, suka ɗauko kambin duniya. A 1994 suka maimaita: suka kayar da Connie Laliberte a gasar ƙasa, suka je Oberstdorf ta ƙasar Jamus suka kayar da Sikotilan, mahaifar wasan, da ci 5 da 3. Ba wata ƙungiyar matan Kanada da ta taɓa cin duniya sau biyu kafin su. Wanda ya duba littattafan gasa na waɗannan shekaru zai ga an rubuta Sandra Peterson, sunan mijinta na fari ke nan. Auren bai ɗore ba, daga baya ta koma amfani da sunan mahaifinta, ta kuma sāke aure a 1996.

Akwai wani canji da aka yi a dokokin wasan a farkon shekarun 1990 wanda ya zo musu daidai. Da can, ƙungiyar da ta sami rinjayen maki biyu sai ta yi ta buge duk dutsen da aka ajiye, fili ya zama fayau, wasa ya mutu, 'yan kallo su yi ta hamma. Sai aka kafa dokar da ta hana fitar da duwatsun gadi na farkon zagaye. Wannan ya sa duwatsu suka riƙa taruwa a gaban gida, wasa ya koma na dabara da lallaɓa dutse ta ƙaramar kafa. Ƙungiyar Schmirler kuwa ba ta tsoron cunkoso, ta fi son a cika fili a ga wanda zai iya fita.

Duk da haka ba kullum ake kwana a gado ba. A 1995 suka ƙare na uku a ƙasa, a 1996 ko lardi ba su fita ba, har wasu suka fara cewa zamaninsu ya wuce. A 1997 suka dawo, suka kayar da Alison Goring ta lardin Ontario da ci 8 da 5 a birnin Vancouver, suka je Bern ta Suwizalan suka kayar da Dordi Nordby ta Norwe da ci 8 da 4. Kambi na uku ke nan cikin shekara biyar. Sandra tana da ciki lokacin da ta ci wannan gasa.

Goyo da zinariya

An taɓa yin kalin na maza a Olimfik ɗin hunturu na farko a 1924, daga nan aka ajiye shi, sai dai a kawo shi don nuni kawai, kamar yadda aka yi a 1988 da 1992. A 1998, a Nagano ta ƙasar Japan, aka shirya za a ba da lambobi na sosai ga maza da mata. Kanada ta ce cin duniya bai isa a ba kowa kujera ba, sai an yi gasar zaɓe ta musamman. Aka sa ta a Brandon, a ƙarshen Nuwamba, 1997. Sandra ta haifi 'yarta ta fari ranar 15 ga Satumba. In da a Kano ne, da ba a daɗe da gama wankan jego ba. Abokan wasanta su ma duka iyayen ƙananan yara ne a lokacin. Da jaririyar ta tafi gasar, tana wasa tana komawa tana shayarwa.

Wasan ƙarshe na wannan zaɓe shi ne wanda masu sha'awar kalin suka fi tunawa da ita a kansa. Abokiyar karawarta Shannon Kleibrink ce ta lardin Alberta. An shiga zagaye na bakwai Kleibrink tana gaba. Da aka zo dutsen ƙarshe, dutsen Kleibrink ne zaune a tsakiyar gida, an kuma jera masa gadi a gaba, babu hanyar da za a same shi kai tsaye. In ya zauna, Kleibrink ta ƙara maki, tazara ta yi faɗi, saura zagaye uku kacal. Sai Sandra ta hango wani dutse can a gefe. Ta auna shi, ba don ta fitar da shi ba, sai don nata dutsen ya goge shi ya karkato ciki, ya shigo ta bayan masu gadi. Kuskuren faɗin yatsa ya isa ya ɓata irin wannan jifa. Ta saki, dutsen ya daki na gefe, ya juyo ya shiga gida ya ture na Kleibrink, aka ƙirga maki uku. Wasa ya juye, aka tashi 9 da 6. Hoton da jaridu suka buga shi ne nata tana kuka, ta rungume jaririyarta a bakin fili.

A Japan, a garin Karuizawa aka yi kalin. Ƙasashe takwas ne a ɓangaren mata. A zagayen farko Kanada ta ci wasa shida ta faɗi ɗaya, a hannun Norwe. A wasan kusa da na ƙarshe kuwa saura ƙiris a yi ɓarin da ba a kwashewa. Birtaniya, ƙarƙashin Kirsty Hay, ta riƙe su kunnen doki har sai da aka ƙara zagaye. Dutsen ƙarshe na Sandra ya ɗan yi nauyi, ya yi ta sulalewa kamar zai wuce inda ake bukata, sa'an nan ya tsaya da kyar. Aka tashi 6 da 5. Ranar 15 ga Fabrairu, 1998, suka kayar da Denmak, ƙarƙashin Helena Blach Lavrsen, da ci 7 da 5. Su huɗun da 'yar jiran gadonsu Atina Ford suka hau dandamali aka rataya musu zinariya. Kafin mako ya zagayo suna Regina suna wasa a gasar ƙasa, a gajiye, inda suka ƙare na uku. Tsanin nan ba ya sanin mai zinariya.

Mu waiwayo gida

Mai karatu yana iya cewa, to mu ina ruwanmu da wasan mutanen da ke kwana cikin ƙanƙara? Ni a ganina abin dubawa a tarihin nan ba ƙanƙarar ba ce. Yarinyar cikin birni ba ta rasa gwaninta ba. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli 'yan mata suna carafke ya san akwai ido da saurin hannu da lissafi a wurin, wanda kuma ya ga gaɗa a dandali da farin wata ya san akwai ƙarfi da juriya. Amma gwanar carafke ta unguwar Zage ba ta taɓa karawa da gwanar Ƙoƙi a gaban alƙali ba, balle a ce Kano ta fitar da gwanarta ta je Katsina. Ba a rubuta sunan kowa ba. Ranar da aka sa yarinya a lalle, ranar wasanta ya ƙare, gwanintar ta bi ruwa. Dandalin kansa ma yanzu gini da talabijin da waya sun cinye shi a yawancin unguwanni. Sandra kuwa duk manyan nasarorinta ta same su ne tana tsakanin shekara 29 da 34, mafi girmansu kuma da goyo a hannu.

Wasannin mazanmu sun fi samun gata. Ɗan dambe yana da makaɗi, shi ya sa har yau ake ambaton Shago, domin Ɗan Anace ya ajiye mana sunansa. A Jamhuriyar Nijar kuwa hukuma ce ta ɗauki kokawar gargajiya ta yi mata tsani tun 1975, lokacin da aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Daga wannan shekara kokawar ƙauye ta zama abin da jiha take karawa da jiha, ana rubuta sunan wanda ya ci. Ashe ke nan ba sai wasa ya zo daga Turai yake samun tsari ba.

Kada kuma a ce al'adarmu ce ba ta yarda mace ta yi gasa ba. Musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda aka fara a 1986 ƙarƙashin jami'ar Sakkwato, tana da ɓangaren mata, kuma tsarinta tsani ne sak irin wanda muka bayyana: daga ƙaramar hukuma zuwa jiha, daga jiha zuwa ƙasa, daga nan zuwa ƙasashen waje. 'Yan matan Kano sun hau wannan tsani, iyaye suna alfahari, ba wanda ya ce an zubar da mutunci. Inda aka kafa matakai cikin tsarin da jama'a suka amince da shi, mata sun hau. Abin da ya rage tambaya ce ga ɗalibai da malamanmu na sashen motsa jiki da na Hausa: wane wasa ne daga cikin na matanmu za a iya yi wa dokoki a rubuce, mata su yi shi a tsakaninsu, su yi alƙalancinsa da kansu?

Ko kalin ɗin ma bai gagari 'yan Nijeriya ba. A 2018 Nijeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga hukumar wasan ta duniya. A 2019, a garin Stavanger na Norwe, Tijani Cole da Susana Cole suka kayar da Faransa a gasar duniya ta mace da namiji. A 2024 wasu samari da 'yan mata daga Legas suka wakilci ƙasar a Olimfik ɗin hunturu na matasa a Koriya ta Kudu, alhali kuwa a gida a kan daɓe suke horo, don babu filin ƙanƙara. Sun sha kashi ƙwarai, amma sun je.

Ƙarshen tafiya

Ranar 30 ga Yuni, 1999, Sandra ta haifi 'yarta ta biyu. Tun tana da cikin take fama da ciwon baya, ana zaton nauyin ciki ne. Ba a yi wata biyu da haihuwar ba likitoci suka gano ciwon daji a ƙirjinta, wanda ya riga ya bazu. Aka yi mata aiki, aka shiga ba ta magani. 'Yan wasan kalin na ƙasar suka yi ta tara kuɗi don taimaka wa iyalinta. A Fabrairu, 2000, ta ɗan sami sauƙi har ta je garin Moncton ta yi sharhi a talabijin a gasar matasa ta ƙasa, ta kuma yi magana da 'yan jarida a kan ciwonta ba ɓoye-ɓoye. Wannan ce fitarta ta ƙarshe a bainar jama'a. Da ta koma gida ciwon ya tashi, ta rasu a asibiti a Regina ranar 2 ga Maris, 2000, tana da shekara 36, ƙaramar 'yarta tana da wata takwas.

An nuna jana'izarta kai tsaye a talabijin na ƙasa. A wannan mako ana tsakiyar gasar maza ta ƙasa a Saskatoon, aka tsayar da wasa don 'yan wasa da 'yan kallo su bi jana'izar. Hukumar birnin Regina ta sa sunanta a cibiyar wasannin da ta yi wa aiki, garin Biggar ya gina filin shaƙatawa da sunanta, kyautar da ake ba gwanar gasar mata ta ƙasa ita ma sunanta take ɗauke da shi. A 2001 abokan wasanta da iyalinta suka kafa gidauniya da sunanta, wadda take saya wa asibitocin Kanada kayan jinyar jariran da aka haifa bakwaini ko cikin mawuyacin hali, kuma a lokacin gasar mata ta ƙasa ake yi mata babbar gudummawar shekara. Jan Betker ta karɓi shugabancin ƙungiyar daga baya, tare da Joan da Marcia, suka sāke fitowa daga lardi a 2003, ita da Marcia kuma suka kai wasan ƙarshe na ƙasa a 2007, inda aka kayar da su.